Teburin da Ya Girmi Jihar Katsina

 A wannan fitowa ta mujallarmu ta bango ina so in ba ku labarin aikin da na yi a dogon hutun da ya wuce, da tunanin da aikin ya jefa ni a ciki game da gidajenmu da makarantarmu. Wani ɗan tsohon tebur ne da kujerarsa na gyara. Kada ku raina shi, don ya girmi jihar Katsina da shekara goma sha ɗaya, kuma saura ƙiris ya ƙare a murhu.

An yi teburin a Kurfi a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda iyayenmu ke kira UPE. A lokacin Kurfi da Dutsin-Ma duk suna cikin jihar Kaduna, sai a 1987 aka yanke mana tamu jihar. Babana yana cikin yaran da aka ɗiba a shekarar. Ya ce gwajin shiga guda ɗaya ne, ka ɗora hannunka na dama ta bisa kai ka taɓo kunnenka na hagu. In ka taɓo, ka isa shiga aji ɗaya. In ba ka taɓo ba, sai baɗi.

Kakana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a ajin boko ba, karatun allo ya yi. Ranar da ya raka ɗansa rajista ya ga hedimasta zaune a gaban tebur yana rubutu, mutane suna tsaye suna jiransa. Abin ya tsaya masa a rai. Da kasuwa ta ci ya ja tunkiya ya sayar, ya je wurin wani kafinta a cikin garin Kurfi ya ce a yi masa irin na hedimasta, amma daidai tsawon yaro. A kan jaki aka kawo teburin da kujerar har ƙauyenmu da ke yamma da Kurfi. Kakata ta ce har kwana uku ana shigowa kallo, wasu na sa albarka, wasu na dariya suna cewa malam ya yi wa ɗansa ofis tun bai iya share hancinsa ba.

A kan teburin nan Baba ya gama firamare. Ƙannensa huɗu suka biyo baya. Yayata ta koyi ABCD a kansa, ni ma a kansa na fara riƙe fensir kafin aiki ya dawo da Baba Dutsin-Ma. Da muka taso aka bar shi a ɗakin Kaka. Shekara biyu da suka wuce ita ma dole ta bar ƙauyen ta dawo wurinmu, kuma babu wanda zai karanta wannan rubutu a yankinmu da ke buƙatar in gaya masa dalili. Mota ɗaya aka samu, sawu ɗaya za ta yi. Aka ɗora hatsi da tukwane da katifa da akwatin tufafi. Da direba ya ce wuri ya ƙare, Kaka ta sa aka sauke gadonta aka ɗora teburin. Gadon yana can har yau, in yana nan.

Sai dai da ya iso Dutsin-Ma babu mai buƙatarsa. Ya yi mini kaɗan, ƙannena kuma sun fi son kwanciya a tabarma su yi aikin gida. Aka ajiye shi a bakin madafi ana ɗora masa jarkar ruwa. Ruwa ya riƙa ɗiga, fenti ya yi ta ɓarewa, ƙafa ɗaya ta fara rawa, bayan kujerar ya ɓalle. Da damina ta sauka icce ya yi tsada, Inna ta ce ko dai a faskara shi a huta. A makon ne kuma Yaya ta zo gida da maganar cewa 'yarta za ta shiga aji ɗaya a watan Satumba, ta je ta tambayi kuɗin ɗan tebur na yara, kuɗin ya fi ƙarfinta a yanzu. Na haɗa maganganun biyu, na roƙi Inna ta ba ni mako uku.

Kaka tana jin haka ta ce, "Kai maigidan, kai da ko tsinke ba ka iya fiƙewa, kai za ka gyara aikin maza?"

Na ce, "Tsohuwa, ki dai tanadi tukuici."

Ta ce, "Tukuicinka in ka lalata mini shi, saki uku."

Na ɗauki teburin a baro na kai wa wani dattijon kafinta da ke bayan layinmu. Na gaya masa ba aiki na kawo ya yi mini ba, koyo na zo yi, zan riƙa taya shi riƙon katako da shara, shi kuma ya nuna mini. Ya dube ni, ya dubi teburin, ya kifa shi, ya sa wuƙa ya ɗan kankare ƙasan falankin. Sai ga wani ja mai duhu ya bayyana. Ya ce, "Samari, ka san abin da ka turo a baro? Maɗaci ne wannan. Yau in ka ce in yi maka irinsa, sai na fara neman inda zan samo iccen."

Duk mun san maɗaci da ɗacin ɓawonsa da ake jiƙa wa mai ciwon ciki, amma kaɗan daga cikinmu suka san darajar katakonsa. Yana da nauyi, yana da ƙwari, kuma in aka goge shi yana sheƙi ko ba fenti. Saboda yawan saransa a nahiyarmu, a taron da aka yi a ƙasar Panama a watan Nuwamba 2022 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin itatuwan da ba a fitar da katakonsu zuwa wata ƙasa sai da takardar izini, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Madobiya ta riga shi shiga wannan jeri tun taron 2016. Yawancin katakon da kafintocinmu ke aiki da shi yanzu a manyan motoci ake kawo shi daga Kudu. Kayan ɗaki masu ƙyalli da muke gani a bakin titi kuwa, da yawansu garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, aka manna masa leda mai zanen icce. Ranar da ruwa ya shige shi sai ya kumbura kamar burodi, kuma ƙusa ba ta ƙara kama shi. Wannan tebur ya sha ɗigar jarka shekara biyu, falankinsa bai ko lanƙwashe ba.

Darasin farko da dattijon ya koya mini shi ne dubawa kafin taɓawa. Ya ba ni ƙusa ya ce in bi kowace gaɓa ina dannawa, in kuma ƙwanƙwasa in saurara. Katako mai lafiya amsawa yake da ƙarfi. Wanda gara ta ci ta ciki yakan yi ƙara kamar ganga, ƙusa kuma ta nutse. Muka tarar ɓarnar duka a gindin ƙafafu take, wurin da suka shekara suna shan laimar ƙasa. Ya sa zarto ya rage kamar faɗin yatsa biyu a kowace ƙafa, har ya kai ga jan katako mai kyau. Rage tsawon bai cuci kowa ba, don yarinyar ƙarama ce. Ya ce ma'aunin teburin yaro abu biyu ne, tafin ƙafarsa ya taka ƙasa in ya zauna, gwiwar hannunsa kuma ta yi daidai da saman teburin. In tebur ya yi wa yaro tsawo kafaɗarsa za ta gaji, ya tsani rubutu, a ce ba ya son karatu.

Da muka kwance ƙafar da ke rawa na ga abin da ya ba ni mamaki. Kafintan Kurfi bai sa ƙusa ko ɗaya a gaɓoɓin ba. Rami ya fafe a jikin ƙafa, ya sassaƙe bakin ɗayan katakon ya shige ciki daram, sannan ya huda su ya soka turken icce. Ƙusoshin da muka ciro, guda goma sha ɗaya, duk na masu gyaran gaggawa ne da suka biyo baya, kuma su ne suka tsaga katakon, tsatsarsu ta baƙanta shi. Muka kankare tsohon gam, muka sa sabo, muka fiƙe sababbin turaku. Maimakon ƙarfen matsewa, tsohuwar robar cikin tayar keke muka yanka tsiri-tsiri muka naɗe gaɓoɓin tamau, muka bar su kwana ɗaya cur.

Yanzu na zo wurin da nake roƙon kowa ya karanta da natsuwa, wato maganar tsohon fenti. Teburin yana da fenti hawa uku, kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, shuɗi a sama. Na tuna malaminmu na kimiyya ya taɓa gaya mana cewa an daɗe ana zuba dalma a cikin fentin mai, don ya bushe da wuri, launinsa ya fito, ya kuma daɗe. Dalma ita ce Pb mai lamba 82 a jadawalin da muke haddacewa. Guba ce, kuma ta fi cutar da ƙananan yara, don tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ta rage kaifin fahimta, abin da ta ɓata kuma ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadinta a cikin jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978. Mu nan kuwa ba sai an kai mu nesa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabciyarmu. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, ƙura a hannu, hannu a baki.

Ido ba ya gane fenti mai dalma da marar ita, don haka hankali shi ne ka ɗauki duk tsohon fenti kamar yana da ita. Ga yadda muka yi. Muka fitar da teburin fili, nesa da madafi da randa. Muka shimfiɗa buhu a ƙarƙashinsa. Na rufe hanci da baki. Ina yayyafa ruwa ina kankarewa da faffaɗan ƙarfe, don fentin ya fita a jiƙe, kada ya tashi ya zama ƙura. Ba mu bar yaro ko ɗaya ya matso ba, ko da yake sun yi ta leƙe. Abin da aka kankare muka ƙulle a leda, ba mu zuba a bola inda awaki da yara ke tono ba, ba mu kuma ƙona ba, don hayaƙinsa ma guba ne. In na tashi aiki sai in wanke hannu da sabulu, in cire rigar aikin in wanke ta daban kafin in shiga gida. Wannan ya sa na ƙara gode wa Allah da Inna ba ta faskara teburin ba, don da hayaƙin fentin nan a kan tuwonmu zai tashi.

Bayan fenti ya fita tas sai guga da takarda mai yashi da kafintoci ke kira sanfefa. A bayanta akwai lamba, kuma iya ƙanƙantar lambar iya kaushinta. Muka fara da 80, muka koma 120, muka ƙare da 220. Ƙa'idar ita ce ka bi jijiyar katako, kada ka gicciye ta, in ba haka ba zane zai fito a fili ranar da aka shafa folish. Kwana huɗu na yi a wannan gugar, yatsuna suka yi kanta. Dattijon ba ya duba aikina da ido. Runtse ido yake ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Saura nan."

A nan ne rigima ta tashi a gida. Da fenti ya kau, tarihin teburin ya fito fili. A kusurwar dama akwai baƙin da'ira, shaidar fitilar aci-balbal da ta taɓa faɗuwa Baba yana karatun jarrabawar shiga sakandare. A tsakiya akwai tabon tawada. A ƙarƙashin falankin kuma akwai sunaye bakwai da aka tona da ƙusa, na Baba a farko da haruffa masu karkata, nawa a ƙarshe. Yaya ta ce a goge komai, tana son 'yarta ta samu abu fes kamar na 'ya'yan kowa, kada a ce mata an ba ta kwance. Kaka ta ce in za a goge, gara a mayar mata da abinta yadda yake.

Ku sani, Baba ɗan fari ne, don haka tunda nake ban taɓa jin Kaka ta kama sunansa ba. "Ubanku" take cewa, ko "wancan". Ba ta karanta boko, amma ta san wurin da sunan yake. Na ga ta sa yatsa a kan haruffan ta ɗan jima, ba ta ce komai ba, sannan ta ɗauke hannu ta hau yi mini faɗan ban share wurin aiki ba. A ranar na gane dalilin da ya sa aka sauke gado.

Dattijon kafinta ne ya raba gardamar. Ya ce saman tebur na mai rubutu ne, dole ya yi sumul, don in akwai rami bakin fensir zai faɗa ya huda takarda. Ƙarƙashinsa kuwa na masu gida ne, babu wanda ya tsare wa hanya. Da'irar fitilar ta nutse sosai, in aka ce sai an bi ta an ƙure, falankin zai yi siriri a banza. Saboda haka muka goge sama ya yi santsi, da'irar ta rage kamar inuwa, sunayen kuma muka share musu ƙura kawai muka shafe su da folish don su daɗe. Yaya ta yarda. Kaka ta ce dama abin da ta faɗa ke nan tun farko.

Ba mu ƙara sa fenti ba, don zunubi ne a rufe jan maɗaci. Folish muka shafa siriri-siriri har sau uku, muna barin kwana ɗaya tsakani, wani lokaci biyu saboda laimar Agusta, muna ɗan bi da lamba 220 kafin shafa na gaba. A inuwa muka shanya, cikin ɗakin da ƙura da ƙwari ba sa shiga. Daga ƙarshe muka dakushe kaifin kusurwoyi, muka buga guntun roba a gindin kowace ƙafa don ta rabu da laima. Muka bar shi mako guda ya sha iska har warin ya fita. Duk abin da aka kashe, da gam da sanfefa da folish da goron dattijo, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka gaya wa Yaya ba.

Ranar da aka kai mata, yarinyar ta zauna, ƙafarta ta taka ƙasa daidai. Sai ta leƙa ƙarƙashi ta ce, "Kawu, wa ya yi rubutu a nan?" Na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ina nata? Na ce ranar da ta iya rubuta shi da hannunta, wurinta yana nan.

Ba ina cewa duk tsohon abu a rungume shi ba. Wanda gara ta cinye ta ciki ya gama aiki, kujerar da za ta karye da yaro kuma haɗari ce. Amma kafin a faskara ko a miƙa wa 'yan gwangwan su auna a kilo, a duba tukuna. Gadajen ƙarfe nawa na iyayenmu mata suka tafi haka, alhali buroshin waya da walda kaɗan da jan fenti mai hana tsatsa kawai suke jira? 'Yar tsugunno nawa da masassaƙa suka fafe daga icce guda aka jefar saboda kujerar roba da rana ɗaya ta bazara ke busar da ita ta tsage? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce araha ba ta ado.

Tunda muka dawo hutu idona ya buɗe a kan tulin karyayyun bencina da tebura da ke bayan azuzuwanmu. Na je na ƙwanƙwasa su kamar yadda aka koya mini. Da yawansu falankinsu lafiya lau, ƙarfensu lafiya lau, noti biyu ko walda ɗaya ya raba su da aji. A lokaci guda kuma ƙannenmu 'yan aji ɗaya suna zama huɗu-huɗu a bencin mutum uku, wani ma littafinsa a kan cinya. Wanda ya rubuta jarrabawa a kan cinya ya san abin da nake nufi.

Na san wani zai ce, to ga shi kai ma ka yabi masu tona suna a tebur. A'a. Waɗancan a ƙarƙashin teburin gidansu suka rubuta, inda bai hana kowa karatu ba. Mai sa reza ko bakin kamfas ya farke saman teburin makaranta, kayan jama'a ya ɓata, kuma ƙaninsa ne zai zo takardarsa ta huje a wurin. In kana son a tuna da kai a makarantar nan, ga allon girmamawa can a ofis, ga kuma wannan bango da kake karantawa.

Shawarata ga hukumar makaranta da shugabannin ɗalibai ita ce a ware Asabar ɗaya a kowane zango. A kasa tulin nan kashi uku, masu buƙatar noti da ƙusa kawai, masu buƙatar kafinta ko mai walda, da waɗanda suka mutu amma za a ciri falankinsu a yi wa wasu faci. Malaminmu na fasaha ya jagorance mu, ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka da kayan aiki, a gayyato kafinta ɗaya daga cikin gari ya nuna mana. Mata da maza duk za su iya, don gugar sanfefa haƙuri take so, ba ƙarfi ba. Ƙungiyarmu ta 'yan jarida kuma ta ɗauki nauyin ƙirga abin da aka gyara ta liƙa a nan kowa ya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ɗaruruwa ne.

Ni dai na rubuta sunana a farkon takardar masu son shiga aikin, tana hannun shugaban ƙungiyarmu. Mai sha'awa ya same shi lokacin tara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan Ƙungiyar 'Yan Jarida